Da ɗan gari akan ci gari: coci, masallaci da cinikin ƴaƴan mutane

Ƴan'uwa matasa, akwai wata kalma da na gaji da ji. Duk sanda aka ce Kiristoci sun tashi tsaye a kan wata matsala ta jama'a, kafin mai magana ya rufe baki sai ka ji wani daga ƙarshen tabarma ya ce, "Ai da manufa." Shi ke nan magana ta mutu, a zuba shayi na biyu. An faɗe ta a kan likitar Galmi da ke aiki tun 1950, an faɗe ta a kan Danja inda ake jinyar kutare, ga shi yanzu ana faɗinta a kan coci-cocin da suka haɗa kai a ƙasashe da dama don yaƙi da fataucin mutane. Ni Musulma ce, ƴar Maraɗi, kuma da masu wannan kalma nake. To na ji, a ce da manufa. Mu da muka haura kashi 98 cikin 100 na mutanen ƙasar nan, mu da ke da masallaci a kowane lungu da lasifika a kowace hasumiya, ina tamu manufar a kan yaran Kance da ake bayarwa haya kamar amalanke?

Kafin mu yi nisa a rarrabe aya da tsakuwa, don da gangan ake cakuɗa su. Direban da ya ɗauki mutum daga Agadas ya kai shi Libiya, aka biya shi aka rabu, wannan ƙetarar da baƙin haure ne. Shi ne dokar 2015-36 ta haramta, kuma ita ce hukumomin soja suka soke a watan Nuwamba na 2023. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan sokewa, ba ita ta kawo ni ba yau. Fataucin mutum wani abu ne daban: a yaudari mutum, ko a tsorata shi, ko a saye shi, a kai shi inda za a ci guminsa ko a ci da jikinsa. Ba ya ma buƙatar a tsallake iyaka. Yarinyar da aka ɗauko daga wani ƙauyen Tasawa aka kai Yamai aikatau, tana tashi da asuba tana kwanciya bayan kowa, ƙarshen wata kuma matar da ta kawo ta ce ke zuwa ta karɓe kuɗin, wannan yarinya an yi fataucinta ko da ba ta taɓa ganin hamada ba. Dokar da ke hukunta wannan ita ce 2010-86 ta watan Disamba na 2010, kuma tana nan daram, ba wanda ya soke ta: shekara 5 zuwa 10 a gidan kaso in babban mutum aka yi wa, shekara 10 zuwa 30 in yaro ne. Amma je tasha ka saurara. Abin da za ka ji shi ne "an soke doka", kamar an ce kowa ya ɗebi ɗan kowa.

Yanzu ga abin da coci-cocin suka yi, don a san abin da ake zagi.

A birnin Benin na jahar Edo a Najeriya, tun shekarun 1980 ake ɗibar ƴan mata ana kai su Italiya. A ce da yarinya za ta yi kitso ko rainon yara. Kafin ta tashi a kai ta wurin boka, a yanke mata farce da gashi, a sa ta rantse cewa za ta biya bashin tafiya kuma ba za ta taɓa tona asirin uwar ɗakinta ba, in ta saɓa hauka ko mutuwa. Sai ta isa take jin cewa bashin yuro dubu 30 ne ko fiye, wato wajen miliyan 20 na sefa, kuma a bakin titi da dare za ta biya shi. A shekarar 2016 kaɗai mata ƴan Najeriya fiye da dubu 11 suka sauka Italiya ta teku, kuma hukumar OIM ta ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 nasu hannun masu fatauci suka nufa.

Su wa suka fara tsayawa suna magana da waɗannan yara a titunan Torino cikin sanyi? Sistocin Katolika, wasunsu tsofaffi da suka yi shekaru suna aiki a Afirka suka koma gida suka tarar da Afirkar a bakin hanya. Nan suka gane abin da gwamnatoci suka daɗe ba su gane ba: mai fatauci sarƙa gare shi. Yana da mai zawarcin yara a ƙauye, yana da boka, yana da mai yin takardun jabu, yana da direba, yana da mai gida a Agadas da Sabha, yana da mai karɓa a Turai. Ɗan sandan Italiya ikonsa ya ƙare a bakin teku. Jandarman Nijar ikonsa ya ƙare a iyaka. Sarƙar da ta kai ta ɓarawo tsawo ita ce ta masu addini, don sista a Torino tana iya ɗaga waya ta kira sista a Benin ta ce, ga sunan uwar yarinya, ga unguwarsu, je ki duba ko in ta dawo za a karɓe ta ko za a sake sayar da ita. A 1999 sistocin Najeriya suka kafa kwamitin COSUDOW don wannan aiki, daga baya suka buɗe gidan saukar waɗanda aka ceto a Benin. A 2009 aka haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi a duniya cikin gamayya ɗaya mai suna Talitha Kum, wadda yau take aiki a ƙasashe fiye da 90. A Ingila tun 2011 ƙungiyar Kirista ta Salvation Army ce gwamnati ta damƙa wa kula da manyan mutanen da aka ceto daga bauta, cocin Angilikan kuma ta koya wa mabiyanta su riƙa lura da masu wankin mota a unguwanninsu, su kai rahoto in sun ga alamar tilas. Ba wani sihiri a ciki. Mutanen da ke haɗuwa kowane mako, suka san gidan kowa, suka yarda su ajiye gardamar aƙida na awa guda su yi musayar sunaye da lambobin waya.

Kuma ku lura da abu ɗaya. Babbar nasarar da aka samu a Edo ba daga coci kaɗai ta fito ba. Ranar 9 ga Maris 2018 Sarkin Benin, Oba Ewuare na Biyu, ya tara bokayen ƙasarsa a fada, ya warware duk rantsuwar da aka ɗora wa ƴan matan, ya la'anci duk bokan da ya sake ɗora wata. Yaran da wa'azin shekaru bai cire musu tsoro ba, maganar sarki ta kwance wa da yawansu baki. Masu cocin ba su ce wannan basaraken gargajiya ne ba ruwanmu da shi ba. Murna suka yi, don yarinyar suke so ta kuɓuta.

Wani zai ce wannan labarin Najeriya da Italiya ne, mi ya haɗa mu? Taswira ta haɗa mu. Daga Benin zuwa Sabha ba a sama suke bi ba. Ta Kano suke shigowa Damagaram, ta Sakkwato suke shigowa Ƙonni, su kwana a gidajenmu, su hau motocinmu, su canji kuɗi a hannun ƴan'uwanmu, a kulle su a geto a Agadas har ranar tashin ayari. Mai gidan da ya ba da haya ya ga yara mata goma sha biyar da mace ɗaya mai riƙe da wayoyinsu duka, ya karɓi kuɗinsa ya tafi sallar la'asar a sahun gaba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba na kuma so a ɗauka waƙar yabo na zo rera wa coci. Su ma suna da nasu kashin a gindi. An sha ba da labarin iyayen ɗakin karuwai da ke dawowa Edo da kuɗin jinin yara su ba da baiko mai tsoka a coci, a kira su gaba a sa musu albarka. Akwai fastocin da ke ɗora hannu a kan fasfo suna addu'ar buɗi ba tare da sun tambayi wa ya biya kuɗin tafiyar ba. Ranar 2 ga Disamba 2014 Fafaroma Francis da shugaban Angilikan Justin Welby da wakilan Orthodox da malaman Musulunci, har da wakilin Shehin Azhar, da na Yahudawa da Hindu da Buda suka zauna a Vatican suka sa hannu cewa za a kawar da bautar zamani kafin 2020. Shekarar 2017 ba ta ƙare ba sai da duniya ta kalli bidiyon CNN ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, 2020 kuma ta zo ta wuce. Sa hannun manya daban, aikin ƙasa daban.

A nan gida ma ina da magana da ƴan'uwanmu Kiristoci. Kuna da Katolika da dayosis ɗinta na Yamai da Maraɗi, kuna da EERN da rassan da suka ɓalle daga cikinta, kuna da Assemblées de Dieu, da Baptis, da ƙananan coci-cocin ƴan Najeriya da Benin da Togo da ke buɗewa a shaguna da garejin mota. Kuna da CADEV, kuna da gamayyar AMEEN. Kun yi kaɗan a lissafi, amma a wannan magana kuna riƙe da ƙofar da mu ba mu da ita. Yarinyar Edo ko ta Kamaru da ta samu ta sulale daga geto da tsakar dare ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, tana tsoron kwamisariya fiye da yadda take tsoron uwar ɗakinta. In ta hango gicciye a jikin bango, nan za ta ƙwanƙwasa. To in ta ƙwanƙwasa ƙofar faston Damagaram, yana da lambar fadan Katolika na Agadas? Ya san wanda zai kira a hukumar ANLTP? Ko kowa na tsoron kada ɗayan ya janye masa mabiya? Ƙaramar cocin da ke cikin shago ita ce uwar ɗakin ma ke zuwa ranar Lahadi, da yaranta a baya cikin sahu kamar ƴaƴanta. Wanda ke kan mumbari yana gani.

Amma na san abin da ya sa muryarku ba ta fita sosai, kuma nan ne maganar ta dawo kanmu. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a kan zanen da wata jarida ta yi a Paris, aka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, gommai, har da makarantu da gidan marayu, aka rasa rayuka. A watan Yuni na 2019 aka sake cinna wa wata wuta a nan Maraɗi. Mutumin da aka ƙone masa ɗakin ibada a kan laifin da wani ya yi a wata nahiya, yaya zai fito ya nuna gidan wani Alhaji ya ce ana ɓoye yara a ciki? Mu muka rufe musu baki, sannan in sun yi aikin a ɓoye mu ce "ai da manufa".

Laifi tudu ne. Bari mu sauka daga kan namu mu dube shi.

A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu biyu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Mafi yawansu daga yankin Kance suke, jahar Damagaram, Hausawa, Musulmi, masu sunaye irin namu. Aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa. Ku sake duban lissafin nan: yara 52. Yaro ɗan shekara biyar ba shi da aikin da zai je nema a Tamanrasat. Shi ne jarin. Da shi ake zama bakin masallaci da mahaɗar titi a miƙa hannu. Kuma ba asiri ba ne cewa ba duk yaron da ke goye a bayan mace ne ɗanta ba: akwai waɗanda ake karɓa a hannun iyaye da alkawarin raba abin da aka samo, akwai masu ba da bashin kuɗin mota su jira riba ninki. In an dawo a sayi akuya, a yi rufin kwano, a yi kayan ɗaki, maƙwabciya ta gani ta ce ita ma baɗi da ita. Tun Disamba 2014 Aljeriya ke lodo mutanenmu a manyan motoci tana maido su, wasu baƙin kuma a zubar da su a hamada su tako wajen kilomita 15 zuwa Assamaka. A watan Maris na 2022 wani gidan talabijin na Senegal ya nuna matanmu da yaranmu suna kwana a titunan Dakar, kunya ta kama gwamnati ta aika jirage aka kwaso fiye da mutum 1,000. Kunyar a gan mu ce ta tayar da jirgi. Tafiyar tasu kuwa ba wanda ya hana, alhali a gaban kowa aka yi ta.

A gaban kowa, na ce. Ƙauyen da mata ashirin da yara arba'in za su ɓace a mako ɗaya, liman bai sani ba? Mai gari bai sani ba? Daraktan lakwal da ya ga aji ya zama rabi bai sani ba? Malamin da aka je wurinsa neman layar tsari da sa'ar hanya, shi ma bai sani ba? Wannan malami da faston da ke shafa fasfo uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

A unguwar da na tashi akwai wata hajiya da kowa ke gaisarwa da ladabi. Duk bayan kaka sai ka ga sababbin ƴan mata ƙanana a zaurenta, kwana biyu uku su ɓace, an rarraba su gidajen ma'aikata. "Taimako" ake kiran abin. In yarinya ta gudu saboda duka ko saboda abin da maigida ya yi mata da dare, ita ce marar tarbiyya. Mu da muka yi jami'a, gidajen yayyenmu da iyayenmu ne kasuwar wannan hajiya. Wanda ke karanta wannan rubutu a waya yanzu, wataƙila wata ƴar shekara goma sha ɗaya ce ta wanke kofin da ke hannunsa. Ka taɓa tambayarta wa ke karɓar kuɗinta?

Sai wahaya, wadda ita ce ta fi ci mini rai don da rigar addini ake lulluɓe ta. A yankunan Ƙonni, Madawa, Illela da Buza, mai kuɗi da ya cika mata huɗu sai ya sayi ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba gado, aikin gida da rana shimfiɗa da dare, wasu ma a tsallaka da su Najeriya. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jika 240. Da ta samu takardar ƴanci ta auri wanda take so, kotun ƙasarmu ta yanke mata wata shida a kan wai ta yi aure kan aure. Sai da ƙungiyar Timidria da abokan aikinta suka kai maganar kotun CEDEAO, ranar 27 ga Oktoba 2008 aka yanke cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta, aka ce a biya ta miliyan 10. Tun 2003 bauta ta zama babban laifi a dokar ƙasa. To wa ya ɗauki shari'ar Hadijatou a kafaɗa? Ƴan farar hula da lauyoyi. Inda aka fi buƙatar manyan malamai su fito da murya ɗaya su ce ƴar da aka haifa cikin ƴanci ba ta zama kuyanga don wani ya ƙirga kuɗi, kuma duk wanda ya ce addini ne ya yi wa addini ƙarya, muryoyin da aka ji ba su kai girman abin ba.

Kuma ba hujja muka rasa ba. Labarin Annabi Yusuf, wanda Musulmi da Kirista duk suke karantawa, labarin yaro ne da ƴan'uwansa suka yar, fatake suka tsinta, aka sayar da shi da araha, aka tsallaka da shi wata ƙasa aka sa shi aikin gida, matar gidan ta neme shi, da ya ƙi aka jefa shi kaso. Wane ɓangare ne ba ya faruwa yau tsakanin Matamai da Tamanrasat? A cikin Buhari akwai hadisin da ya lissafa wanda ya sayar da ɗa mai ƴanci ya ci kuɗin cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Kowane ɗalibin zaure ya san shi. Amma ku ƙirga huɗubobin da kuka ji a kan tsawon wando da gyalen ƴan mata da sabanin ganin wata, ku ƙirga waɗanda kuka ji a kan hayar yara. Akwai malamai masu faɗa, Allah Ya saka musu, na san da su. Sai dai kowa shi kaɗai yake faɗa, a masallacinsa, ga mutanensa. Ɗan Izala ba zai zauna da ɗan ɗarika a kan wannan ba, balle fasto. Mai fatauci kuwa bai taɓa tambayar direbansa ko yana ƙabalu ko yana sadalu ba.

Na san amsoshi biyu da za su cika ƙasan wannan rubutu, bari in tare su.

Ta farko: talauci ne. Gaskiya ne, kuma wanda bai ga gonakin Kance ba kada ya yi saurin zagin matan can. Mutane sun yi yawa, gona ta tsuke har ta koma kamar tabarma, hatsin kaka ba ya kai wa rani, maza sun tafi cin rani ba aike. Uwar da ta miƙa ɗanta ba don ba ta son sa ba ne. Amma talauci ba ya sayen Hilux. Talauci ba ya ba da bashin kuɗin mota da ruwa, ba ya biyan cin hanci a shingaye tun daga Tanut har Arlit. Akwai mai ci da talaucin nan, yana da suna, yana da gida mai bene, ana kiransa gaba a wurin ɗaurin aure. In muka ce talauci ne muka yi shiru, shi muka wanke.

Ta biyu: wannan duk ajandar Turawa ce, so suke su tare baƙar fata kada ya isa ƙasarsu. A nan ma akwai gaskiya. Bayan taron Valletta na Nuwamba 2015 Tarayyar Turai ta zubo kuɗi don a mayar da Agadas iyakarta ta kudu, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, tattalin arzikin gari ya durƙushe, matafiya suka koma bin hanyoyin da ba rijiya. Duk wanda ya yi fushi da wannan yana da hujja. To amma yaron Kance ba Turai za shi ba. Wahaya ba Turai za ta ba. Almajirin da malaminsa ya yanka masa kuɗin da zai kawo kullum, in bai cika ba bulala, ba Turai za shi ba. Matar da dillali ya kai Saudiyya da sunan umara ko aikin gida aka karɓe mata fasfo a filin jirgi, ba ruwan Brussels da ita. Tun da muke ta kirarin ƴancin kai da diyaucin ƙasa a kowane dandali, sai mu nuna shi a nan: mu kare yaranmu ba tare da wani ya biya mu ba.

Wannan ya kawo ni kan masu furoje. Kowace 28 ga Satumba, ranar da ƙasa ta keɓe don yaƙi da fataucin mutane, za a buga riguna da huluna, a kama zauren otel mai sanyi a Yamai, a yi jawabi da Faransanci, a ci abinci, a sa hannu a karɓi kuɗin zama. Matar Kance ba ta jin Faransanci kuma ba a gayyace ta ba. In kuɗin mai ba da tallafi ya ƙare, yaƙin ma ya ƙare. Abin da ya bambanta sistocin can da wannan shi ne su ba su da ranar rufe furoje. Coci da masallaci suna nan kafin ONG, suna nan bayanta, kuma ba sa buƙatar kuɗin mai don su tara jama'a: Juma'a da Lahadi mutane da ƙafarsu suke zuwa.

Abin da nake nema ba ya cin miliyan. Akwai kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai a jahohinmu, waɗanda galibi sai wuta ta tashi ake tunawa da su. A ba su aikin yi. Limamin Juma'a da fasto da fada da mai unguwa da shugaban ƴan tasha da shugabar mata su san juna da suna, kowa da lambar kowa, da lambar jandarma guda da aka yarda da shi, da ta cibiyar saukar waɗanda aka ceto da aka buɗe a Damagaram a 2019. Mai sayar da tikiti a tasha ya fi kowane ɗan sanda sanin macen da ke tafiya da yara shida da ba su yi kama da juna ba. A koya wa iyaye tambayoyin da za su yi wa duk mai zuwa da alkawarin aiki a waje: wa ke biyan kuɗin tafiya, nawa ne bashin, a rubuce yake, a hannun wa fasfo zai zauna, wa muka sani da ya je ta hannunki ya dawo? Dillalin gaskiya zai amsa. Na ƙarya zai ce ba ku yarda da Allah ba ne. Sannan wadda ta dawo, da ciki ko da ɗa ko da ciwo, a daina yi mata kallon ƴar iska a bar wanda ya sayar da ita yana raba goro, don tsoron wannan kallo ne ke sa da yawa su gwammace su zauna can su mutu.

Su kuma coci-coci, sharaɗi ɗaya ne tsakaninmu, kuma na san masu aikin gaskiya a cikinsu sun riga sun yarda da shi: wadda ta zo neman mafaka a ba ta mafaka, kada a haɗa mata da wa'azi, kada tuwo ya zama ƙugiya. Mai tsoron kada a canza wa ƴar Musulmi addini a gidan sistoci kuma, maganinsa a hannunsa yake. A Maraɗi kaɗai Alhazan da ke gina masallaci kusa da masallaci sun isa su buɗe gidan saukar yara goma su ɗauki nauyinsa shekara ashirin. Ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa tana nan tun 1974, ga ƙungiyoyin mata Musulmi a kowane gari, ga zakka. Ɗaki huɗu, mace mai amana, nas guda, lauya guda da za a kira. A fara da ɗaya.

Da an gama girbi motoci za su fara lodi a Matamai da Magarya, dillalan aikatau za su fara zagaya ƙauyukan Tasawa da Mayahi da Dakoro. Wanda babansa liman ne, ko kawunsa fasto ne, ko yayansa na sindikan direbobi, ya kai masa wannan rubutu ya karanta masa da baki kafin lokacin. In ya ce ba huruminsa ba ne, ku tambaye shi hurumin wa ne, ku rubuto mana amsar da ya bayar.